Saura Kwana Biyu

Masu karatu, sallama a gare ku. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce ta yi kuka saboda ni, ta yi min addu'ar Allah ya ba ni haƙurin rashin miji. Na gode. Amma ku riƙe tausayinku tukuna har ku kai ƙasan shafin nan, in kun ga ya yi saura sai ku miƙo min. Yau zan faɗi abin da ko a kan sallaya ban taɓa iya furtawa ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Zinariya. A unguwar Hausawa ta Inugu aka yanke min cibiya. Mahaifiyata ta rasu ina goye, kakata Dada ce ta raine ni, Babana kuwa albasa da tattasai yake sayarwa a kasuwar Artisan. Yaren Ibo a bakina yake tun ina rarrafe, in na juya baya ina ciniki ko 'yan ƙasar ba sa gane ba tasu ba ce.

Babu wanda ya yi min dole na auri Muntaka, kada ma ku fara zagin iyayena. Wanda nake so daban ne, Bubayero, dillalin shanu a Fatakwal, fari, siriri, mai farar shadda da ƙamshin turare. Shekara biyu yana zuwa zance, daga daɗin baki sai daɗin baki, maganar turo manya ko a mafarki. Ana nan sai ga Muntaka, mahauci daga Anacha, da sabuwar okada da cinyar sa duk ranar Juma'a. Na ce bari in nuna wa Bubayero ba shi kaɗai ne namiji ba. Dada ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da in ana soya kifi sai kin fita ƙofar gida, ke ce za ki auri mahauci?" Na murguɗa mata baki. To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ciki da falo ya kama mana a gidan wata bazawara, Mama Chinelo, can Anacha kusa da kasuwar Relief. Na shirya ɗakina kamar na 'yar gata: labulen leshi ruwan madara, kafet ja, jeren kwanukan tangaran a kabad. Kwana uku da tarewa Muntaka ya dawo daga mayanka ya goge hannunsa a jikin labulen. Tabon yatsu huɗu da rabi ya fito, don ɗan yatsansa na hagu guntu ne, wuƙa ta cinye rabi tun yana yaro. Na wanke, na sa bula, na shanya. Washegari ya sake.

Ban san yadda zan sa ku ji warin ba. Ba ƙarnin jini kaɗai ba ne, akwai na tumbi, akwai na kitsen da ya kwana a ƙarƙashin farce. Ko ya yi wanka da sabulu biyu yana nan, ya shiga katifa, ya shiga gyalena, har a shayi nake jin sa. In yana cin abinci baki a buɗe, in ya gama ya zaro wuƙa ya yi sakace da tsininta yana tofarwa a kafet. Ga zargi. Da ya shigo sai ya ɗauki gyalena ya sunsuna, ya ɗauki wayata ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya. In yana kasuwa kuwa saƙo ɗaya ya iya rubutawa, shi zai ta turowa har sau goma a wuni: "ina kike". In ya ji ina hira da Mama Chinelo da yarensu ya ce, "'Yar Inyamurai, gulmata ake yi ko?" Ranar da ya fara marina, wallahi ba zafin marin ne ya sa ni kuka ba, warin da ya bari a kumatuna ne.

Ni ma ba kanwar lasa ba ce. Da na ji ƙarar okadarsa nake kunna turaren wuta in tsaya a bakin ƙofa da gefen zani a hanci. Kofinsa daban, cokalinsa daban, a ƙarƙashin kabad nake ajiye su kusa da takalma. A gaban abokansa na taɓa cewa ya matsa, ƙuda na binsa.

Sau uku ina yaji, sau uku Baba yana sa ni a motar Anacha da "ki yi haƙuri, aure ibada ne". Na roƙi Muntaka saki da kuka, na roƙa da zagi. Ya yi dariya ya ce, "Ko gawata ba za ta sake ki ba."

Da na rasa mafita sai na koma dabarar mata. Na ce masa ina fashin salla. Kwana biyar na gaskiya suka wuce, na ci gaba. In ya fita na kulle ƙofa in yi sallolina, in ya dawo in naɗe sallaya in kwanta ina riƙe mara. Don kada ya yi shakka, ruwan naman da yake kawowa nake tsiyayewa a tsumma in bar shi inda idonsa zai kai. Mutumin da ya shekara ashirin yana yanka shanu bai gane jinin saniya ba. Kwana takwas, kwana goma, yana kwana a falo, ina baje a gado ni kaɗai ina shaƙar iska. Ya daina yi min magana, sai dai kullum da safe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Har yanzu?" In ce, "Har yanzu." Na ɗauka jaraba ce ke cin sa, har daɗi nake ji.

Ranar kwana na goma sha uku gari ya kama da wuta.

Tun jajibere ake ta raɗe-raɗin an yi rikici a Arewa, an kawo gawarwakin 'yan ƙabilar Ibo. Da hantsi muka fara jin ihu daga wajen babbar gadar garin, hayaƙi ya tashi. Muntaka ya faɗo gidan a guje, ba hula, takalmi ɗaya, okadar ma ya baro ta. Mama Chinelo ba ta tsaya tambaya ba. Ta fizge ɗankwalina ta cusa a murhu, ta ɗaura min zaninta na coci, ta zaunar da ni a tsakar gida tsakanin 'ya'yanta mata biyu, ta dire min tiren agushi a cinya ta ce in yi ta ɓara kada in ɗago. Muntaka kuwa ko "zo" bai sani ba da yarensu, ga tsage a fuska. Ta ja shi baya inda baƙin tankin roba yake, wanda ya kwana biyu ba ruwa, ta sa shi ya shiga ta rufe murfin.

Su bakwai suka shigo, samari, da adduna da gora. Suka fasa ƙofarmu, suka watso kwanukana waje. Mama Chinelo ta tsaya a gabansu tana dukan ƙirji, tana rantsuwa da kabarin mijinta cewa tun asuba 'yan hayarta suka tsallake gada. Matar nan ta sa ranta da na 'ya'yanta cikin haɗari saboda mu. Suka yarda. Har sun juya, shida sun fita, sai na ƙarshen, wani dogo mai jan ƙyalle a ka, ya tsaya yana haki. Ya dube ni ya ce, "Nne, biko, mmiri." Ruwa yake roƙo.

Akwai bokiti cike a bayan ƙofar kicin, ni na cika shi da hannuna da safe. Mama Chinelo har ta yunƙura za ta ɗebo. Na riga ta. Kaina a sunkuye, yatsuna a cikin agushi, na ce masa da Ibo mai kyau, "Na nan ya ƙare. Duba tankin baya."

Na san za ku nema min uzuri. Za ku ce ruɗewa ce, za ku ce suɓutar baki ce. Ni ma na daɗe ina gaya wa kaina haka. Ƙarya ne. Hankalina bai taɓa zama garau kamar a wannan lokacin ba, har sai da na zaɓi kalmomin da zan iya musantawa daga baya.

Ya je ya ɗaga murfin, ya ƙwala wa sauran kira. Ta gabana suka jawo shi. Ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya kawar da kai kamar bai taɓa ganina ba, bai kira sunana ba har suka fita da shi. Har yau ban sani ba, rufa min asiri ya yi don kada su gane ni, ko kuwa ya ji muryata daga cikin tankin. Na ci gaba da ɓarar agushi. Abin da ya fi ba ni ƙyamar kaina shi ne, da ihun ya yi nisa, yunwa na ji.

Da la'asar Mama Chinelo ta ɗauko ni a okada har ƙofar barikin soja, inda mutanenmu suka taru.  Da na sauka na ce, "Mama, na gode." Ta ja hannunta baya kamar na taɓa ta da garwashi.

"I no go talk," ta ce. "But make you no call me Mama again." Wato ba za ta tona ni ba, amma kada in sake kiran ta Mama.

Bayan kwana huɗu motar soja ta kawo mu Inugu. Na shiga gidanmu ana ta rungumata ana koke-koke, ni kuwa ina lissafin wata huɗu da kwana goma, in yi takaba in wanke in huta. Ashe ban san komai ba. Babu gawa, babu wanda ya ce ya ga mutuwarsa. Yayansa Gimba ya zo daga Arewa ya zauna a zaurenmu ya ce shi jikinsa yana ba shi ƙaninsa na raye, wataƙila yana wani asibiti ko ya tsallaka wani gari. Malamai suka ce matar wanda ya ɓace ba ta takaba, ba ta aure, sai an sami shaidu biyu, in ba haka ba ta jira shekara huɗu.

Ku duba min wannan lamari. Ni na fi kowa sanin ya mutu, amma na gaya wa kowa cewa tun da ya fita kasuwa da safe ban sake ganinsa ba. In na ce na gani, za a ce a ina, wa ya nuna shi. Na zama ba matar aure ba, ba bazawara ba, igiyarsa tana wuyana kamar yadda ya rantse.

Dada ta ce, "Haƙuri za ki yi. Ni na ga na farko, lokacin yaƙi, da aka loda mu a jirgin ƙasa kamar awaki. Akwai ƙawata Tabawa, shekara tara tana zuba wa mijinta tuwo tana rufewa. Ke wata nawa kika yi?"

Wata biyar na yi ina ramewa, mutane na cewa son miji ne. Sai ga Bubayero ya zo jaje, da buhun shinkafa da turmin atamfa na Dada. Ina leƙensa ta taga. Shadda fara ƙal, hula zanna, agogo na ƙyalli, farcensa a yanke tas kamar na jariri. Ban san sanda na ja dogon numfashi ba. Kafin magariba saƙo ya shigo wayata:

"Zinarina. Kin rame amma kin fi kyau. Kar ki damu, ni zan nemo miki shaidu ko a ƙarƙashin ƙasa suke."

Na goge, na rubuta masa, "Ka ji tsoron Allah, ni matar aure ce." Na tura, sannan na zauna riƙe da wayar ina jiran amsa kamar mayya. Daga ranar kullum sai mun yi. In zai shigo Inugu ya rubuto, "Ki sa jan leshin nan ki fito sayen katin waya, in gan ki ko daga nesa." In saka, in ɗaura ɗankwali ture-ka-ga-tsiya, in ratsa ta gaban motarsa ban kalle shi ba. A zuciyata na ɗauka 'yan shaidar zur zai sayo, kuma ko a jikina.

A wata na bakwai ya kawo su. Aka zauna a zauren Baba bayan azahar, ni da Dada muna bayan labule. Malam Kallamu ne ya jagoranci zaman, limamin masallacin mahauta na Anacha, wanda shi ma rikicin ya koro shi Inugu. Shaidun biyu, Dogara ɗan dako da Jumare mai shayi, ba na saye ba ne. Suna cikin waɗanda sojoji suka fita da su kwasar gawarwaki. Dogara ya ce a mahaɗar titin da ke kusa da gidanmu na Anacha suka tsince shi, fuskar ba ta ganuwa, amma da ya kama hannun zai ɗaga sai ya ga guntun yatsan. Jumare ya ce shekara shida yana ganin hannun nan a kan teburin shayinsa, ba zai ɓace masa ba. Su suka sa shi a rami tare da sauran.

Gimba ya fashe da kuka kamar mace. Malam ya ce mutuwa ta tabbata, kuma tunda ana ƙirga takaba daga ranar da ya rasu ne, kwanakin sun riga sun cika, babu abin da ya rage a kaina. Na dafe bango. Dada ta ɗauka suma zan yi, ta riƙe ni tana salati. Daɗi ne ya kusa kayar da ni.

Da mutane suka watse Malam Kallamu ya ce a kira masa ni, yana da amana. Na durƙusa daga gefe, Dada na kusa da ni.

"Zinariya," ya ce, "na yi ta tunanin in faɗa ko in bari. Amma gara ki ji, don ki san Allah ya so ki da rahama. Marigayi ya zo wurina kafin rikicin nan, ya ce in rubuta masa takardar sakinki."

Na ɗago kai. Dada ta ce, "Saki, Malam?"

"Saki. Na yi masa nasiha, ya ce shi ya gama shawara. Ya ce, Malam, na gaji da shiga gidana in tarar da mace ta toshe hanci. Ya ce ita ma ta huta, ni ma in huta. Har na ɗauko alƙalami, sai na tambaye shi ko kina cikin tsarki. Ya ce a'a. Na ce to haramun ne saki a wannan hali, ya je ya jira ki yi wanka. Bayan kwana huɗu ya dawo ransa a ɓace, ya ce Malam har yanzu fa. Na ce masa iyakar abin kwana goma sha biyar ne, in ya cika ko bai ɗauke ba ya zo in rubuta. Muka ƙirga tare da shi a yatsa." Malam ya girgiza kai. "Ranar da aka kashe shi saura kwana biyu. Kin ga ikon Allah, ya nufa ki rabu da shi kina matarsa, ba sakakkiya ba."

Dada ta ce, "Allahu akbar."

Ban san yadda na tashi ba. Na dai tsinci kaina a makewayi, na durƙusa ina kelaya amai har sai da ya koma ruwa mai ɗaci. Kullum da safe mutumin nan yana tsayawa a ƙofa yana tambayata "har yanzu?", ashe takardata ce a bakinsa, ni kuma ina tura ta baya da tsumma da ruwan nama. Da na yi wanka a rana ta shida kamar kowace mace, da a Inugu rikicin zai same ni, a ɗakin Dada, da takardata a jaka. Kada ku ɗauka nadamar kashe shi ce ta fara zo min. Abin da ya fara zo min haushin asara ne, irin na wadda ta fasa ƙofa alhali makulli na hannunta. Nadamar daga baya ta zo, kuma ko ita ban tabbata ta Allah ba ce.

Washegari da la'asar Bubayero ya zo zance, karo na farko a fili. Na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na sa koren leshi da sarƙar Dada, na shimfiɗa masa darduma a zaure. Dada ta aiko da tuwon shinkafa da miyar agushi da ƙashin bargo. Tun daga ranar rikicin ban sake cin agushi ba, amma na zuba masa. Ya naɗe hannun riga ya fara ci.

"Kin san wahalar da na sha kafin in samo mutanen nan?" ya ce. "Sau uku ina zuwa Anacha. A gidanku na fara."

Ludayin ya tsaya a hannuna. "Wane gida?"

"Na matar nan mai ba ku haya. Da fari ta ƙi ko buɗe min ƙofa. Zuwa na biyu ta ce wane ne ni a wurinki. Na ce ni zan aure ki." Ya ɗauki ƙashin ya buga a gefen kwano. "Sai ta sa min kujera. Ta ce ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, amma ba za ta bari a kai ɗan wata mahauta tana kallo ba. No marry that girl, in ji ta. Ta ba ni labarin tas, har da bokitin da ke bayan ƙofa."

Zauren ya yi min ƙanƙanta. Na jira ya tashi, ya tofa min yawu, ya kira Baba. Wallahi da ya yi haka da na ga girmansa. Sai ya kafa ƙashin a baki ya zuƙe bargon da ƙara, maiƙo ya gangaro masa ta gefen gemu, ya dube ni yana murmushi.

"Zinarina, ban san son da kike min ya kai haka ba."

"Me ka ce?"

"Haba, ai ba sai kin ɓoye min ba. Na san saboda ni kika yi. Tun da na ji, kwana uku ban yi barcin kirki ba don daɗi. Maza nawa ne a duniyar nan aka taɓa yi wa haka?"

Masu karatu, na rantse muku da Allah, ranar rikicin nan ko sau ɗaya Bubayero bai faɗo min a rai ba. Ga shi zaune yana lasar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki ran mutum ya maƙala a ƙirji kamar lambar yabo. Karo na farko na lura turarensa ya yi yawa, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani abu, warin garke, irin na wanda ya wuni a bayan tirela da shanu.

"Sai dai fa ki sani," ya ci gaba, muryarsa a sanyaye, "ni ba na son yaji, ba na son a ce min saki. Gimba mutumina ne, duk wata sai ya sauke min shanu a Fatakwal, a kasuwar Mile One muke cin abinci kwano ɗaya. Kin ga yadda yake kuka jiya. Bawan Allah, in ya ji abin da ya faru ban san me zai aikata ba. Ga Baba da hawan jini." Ya miƙo min hannu in zuba masa ruwa. "Amma me zai kai mu nan? Mu da za mu zauna lafiya."

Na ɗauki buta na zuba masa. Muntaka da duk ƙazantarsa, ashe shi yana da ranar da zai gaji ya buɗe min ƙofa. Wannan ba shi da ita.

"Ita matar tana nan a gidan?" na tambaya.

"Ta sayar, ta koma ƙauyensu da 'ya'yanta. Ta ce ba za ta iya kwana a gidan ba."

"Su Dogara fa, sun sani?"

"Su gawa kawai suka gani."

"Ba ka gaya wa kowa ba? Ko aboki, ko Innarka?"

Ya yi dariya ya dafa ƙirji. "Sirrin matata? Daga ni sai ke sai Allah. Ko a takarda ban rubuta ba."

Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa, hankalina ya dawo garau. Na san wannan natsuwar, sau ɗaya na taɓa jin ta a rayuwata, ranar tankin nan. Na miƙa masa tawul mai tsabta, na gyara zaman ɗankwalina, na yi ƙasa da ido kamar amaryar da ba ta san komai ba.

Ya ce, "To, yaushe zan turo?"

Na ce, "Ko gobe, ranka ya daɗe. Me za a jira?"